Tuƙin Jirgin Sama Cikin Hazo: Karatun Da Ke Raba Matuƙi Da Matuƙi

Daga Wakilinmu a Jos

Kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, hunturu ya buso, hazo ya lulluɓe duwatsun Filato, sai ka tarad da fasinjoji a filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang suna ta ɗaga kai sama, suna sauraron jirgin Ikko. Wata rana jirgin ya keto hazon ya sauka lafiya lau, wata rana kuwa a yini ana jira har a zo a ce an fasa. A nan ne za ka ji gunaguni iri iri. Wasu su ce tsoro ne kurum irin na matuƙa, wasu kuma su ce ai jiragen zamani da kansu suke tafiya, ina ruwansu da hazo? Dukansu ba su kama bakin zaren ba. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci a irin wannan rana, watau na'urorin da ke cikin jirgin, da na'urorin da aka kakkafa a ƙasa, sai kuma wata shaida da aka buga a cikin lasin matuƙin, wadda ke nuna cewa an horad da shi ya tuƙa jirgi ba tare da ya ga ƙasa ko sama ba. Wannan shaidar tuƙi da na'ura, da irin wahalar da ake sha kafin a same ta, su ne abin da za mu duba a yau.

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa tuƙin jirgin sama iri biyu ne a gaban doka. Akwai tuƙin ido, akwai kuma tuƙin na'ura. Duk ɗan koyo da tuƙin ido yake farawa. Yana duban layin nan da sama ta haɗu da ƙasa ya daidaita fikafikansa, yana bin kogi ko hanyar mota ko layin dogo ya gane inda yake. Amma ƙa'idar Ƙungiyar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ta gindaya masa sharaɗi: galibi tilas ya iya hangen tazarar kilomita 5 a gabansa, kuma ya nisanci gajimare da mita 1,500 ta gefe, da mita 300 ta sama ko ta ƙasa. To, a tsakiyar hunturu, sa'ad da ƙurar nan da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta cika sararin Arewa, sau da yawa Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, kan yi gargaɗin cewa hangen nesa zai faɗi zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka. A irin wannan rana lasin tuƙin ido ba shi da wani amfani, sai dai mai shi ya ɗaure jirginsa ya koma gida ya sha shayi.

A Jos kuwa lamarin ya fi na sauran garuruwa tsanani, saboda tudu. Filin Heipang yana bisa tsawon kimanin mita 1,290 daga bakin teku, watau wajen ƙafa 4,230, alhali filin Ikeja bai kai ko ƙafa 150 ba. Jirgin da ke shawagi a ƙafa 4,000 bisa Ikko yana can sama hankali kwance, amma in ya riƙe wannan tsawon ya doshi Filato, to, kafin ya iso Heipang ya riga ya haɗu da ƙasa. Duk wanda ya taɓa hawo Hawan Kibo da mota ya san yadda ƙasar nan ke miƙewa tsaye kamar bango. Daga gabas da gari kuma ga duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829, ƙafa 6,000 ke nan. Dokar tuƙin na'ura ta ce a ƙasa mai duwatsu jirgi ya bar ratar ƙafa 2,000 tsakaninsa da abu mafi tsawo da ke cikin kilomita 8 daga inda yake. Ashe ke nan mai ratsawa ta kan Shere cikin gajimare ba shi da ikon saukowa ƙasa da ƙafa 8,000, ko da zuciyarsa na raya masa cewa ya riga ya wuce dutsen.

Ba hunturu kaɗai ba. Da damina ma, musamman watannin Yuli da Agusta, gajimare kan sauko ya kwanta a kan tudun nan da sassafe har direban mota ya kunna fitila, ga hadari mai tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. In aka haɗa ranakun hazo da na gajimare da kuma dare, sai a ga cewa matuƙin da ba shi da shaidar na'ura ɗan lokaci kaɗan ne na shekara yake da tabbacin shiga Jos ko fita daga cikinta.

JIKI MAƘARYACI NE

Mutane da yawa suna zaton cewa wahalar tuƙi cikin gajimare ita ce ɓatan hanya. Wannan ƙaramar wahala ce. Babbar ita ce mutum ya rasa ina ne sama ina ne ƙasa, alhali yana rantsuwa ya sani.

A can cikin kunnen ɗan Adam akwai waɗansu 'yan kewayayyun bututu guda uku masu ruwa a ciki, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an juya ko an karkata. A ƙasa suna aiki sosai, domin ido na taimakonsu. A sama kuwa, in ido ya rufe, sai su shiga shirme. Idan jirgi ya karkata sannu a hankali ba za su ji ba ko kaɗan. Idan kuma ya daɗe yana juyawa, kamar daƙiƙa 20, sai ruwan ya lafa, matuƙi ya ji kamar tafiya yake sak. Da ya daidaita fikafikan sai ya ji kamar ya karkata ɗaya gefen, hannunsa ya mayad da jirgin cikin juyin da ya fito. Jirgin da ya karkata kuwa hancinsa kan sunkuya, gudu ya ƙaru. Matuƙi ya ga yana yin ƙasa, ya ja sitiyari don ya ɗago, jan nan kuwa sai ya ƙara matse juyin, jirgi ya dinga murɗawa yana gangarowa har ya daki ƙasa.

A 1954 masu bincike a Jami'ar Ilinoyi ta Amurka sun gwada wannan. Suka ɗauki matuƙa 20 waɗanda ba su taɓa koyon tuƙin na'ura ba, suka hau sama da su ɗaya bayan ɗaya, suka tare musu ganin waje. Babu ko ɗaya da ya tsira da jirginsa, sai da malamin da ke gefe ya karɓa. Da aka daidaita lissafi, sai aka ga daƙiƙa 178 kowannensu ya yi kafin jirgi ya ƙwace masa. Ko minti uku bai cika ba.

Maganin abin an same shi tun kafin wannan gwaji. Ran 24 ga Satumba, 1929, wani hafsan sojan Amurka mai suna Jimmy Doolittle ya tashi daga filin Mitchel kusa da birnin New York, an rufe mazauninsa ruf da tanti, ya kewaya ya dawo ya sauka, ba abin da yake kallo sai agogunan gabansa. A wannan shekarar ce kuma Edwin Link, ɗan wani mai ƙera kayan kiɗa, ya harhaɗa akwatin koyon tuƙi da ke karkata da ƙarfin zugazugi, wanda shi ne kakan jiragen kwaikwayo da ake koyo da su yau.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan sana'a karin maganar ya faɗa daidai, sai dai ganin na allura ne, jin kuma na jiki. Dukan horon nan, in an taƙaice shi, koya wa mutum ne ya ƙaryata abin da jikinsa ke gaya masa, ya gaskata abin da allura ta nuna.

YADDA AKE HORON

Ɗan Filato da ke son wannan karatu a gida Nijeriya, mafi kusa da shi ita ce Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama da ke Palladan a Zariya, in ya bi ta Saminaka da Pambeguwa. An kafa ta a 1964 da haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da ICAO da Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ita ce ta yaye da yawa daga matuƙan tsohon kamfanin Nigeria Airways. Akwai kuma wata kwalejin a Ilori wadda Gwamnatin Jihar Kwara ta kafa. Waɗansu kan tafi Afirka ta Kudu ko Amurka, amma in sun dawo tilas su kai takardunsu ga Hukumar Kula da Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, domin ita kaɗai ke da ikon buga shaidar a lasin Nijeriya.

Mafi ƙarancin abin da ICAO ta nema shi ne mai neman shaidar ya riga ya yi awa 50 yana shugabancin jirgi a tafiye-tafiye tsakanin gari da gari, kana ya yi awa 40 na tuƙin na'ura. Daga cikin 40 ɗin an yarda a yi 20 a ƙasa cikin akwatin koyo, ko 30 in cikakken jirgin kwaikwayo ne, kuma aƙalla awa 10 su kasance a sama tare da malami. Sai an gwada kunnensa an tabbatar yana ji sosai, domin rabin aikin a rediyo ake yinsa, da Turanci kuma, wanda tun 2008 aka tsananta jarraba matuƙa a kansa. Ga jarrabawar rubutu a kan dokokin sama, da yanayi, da karatun taswira, da yadda kowace na'ura ke aiki da yadda take lalacewa.

Awa 40 a baki kamar ba yawa. Amma waɗanda suka sani sun san cewa awa guda a ƙarƙashin hular nan ta fi yinin tuƙin ido gajiyarwa. Hula ce mai dogon baki, ko tabarau da aka dushe samansa, in ɗalibi ya sa ba abin da zai gani sai allon gabansa, malami kuwa yana gefe yana duba masa waje.

A allon akwai agoguna shida da su ne ginshiƙi. Na tsakiya shi ne sarki, yana nuna ɗan hoton jirgi bisa layin sama da ƙasa, kuma a cikinsa akwai wani ƙarfe mai juyawa da tsananin sauri kamar katantanwar da yara ke kaɗawa, wanda ba ya yarda ya karkata ko jirgi ya karkata. Sauran suna nuna gudu, da tsawo, da saurin hawa ko sauka, da alƙibla, da saurin juyawa. A sababbin jirage, irin su Diamond DA40 da DA42 da kwalejin Zariya ta sayo bayan tsofaffin Tampico da Baron, an tattara dukansu a fuskar allo mai kama da talabijin, amma karatun bai sake ba. Abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne kada idonsa ya tsaya wuri guda. Ya dubi na tsakiya, ya leƙa tsawo, ya komo, ya leƙa alƙibla, ya komo, haka har a sauka. Cutar ɗan koyo ita ce ƙura wa agogo ɗaya ido. Yana fama da gyaran ƙafa 100 da ya rasa, bai ankara ba alƙibla ta zame masa da digiri 30.

In hannunsa ya fara faɗawa, sai malami ya shiga yi masa mugunta ta alheri. Ya ce ya rufe ido ya sunkuyad da kai, shi kuwa ya yi ta wujijjiga jirgin, hagu da dama, sama da ƙasa, har kan ɗalibi ya juye, sa'an nan ya sakar masa ya ce ya gyara. Cikin 'yan daƙiƙoƙi tilas ya karanta allo ya gane ko hanci na sama ne ko na ƙasa, ya san ko zai ƙara wuta ko zai rage. Wata rana kuma malami ya ɗauki 'yar takarda ya manne fuskar sarkin agogunan, a kan cewa ya mutu, ɗalibi ya ci gaba da sauran. Ana koya masa juyi na ƙa'ida, digiri 3 a kowace daƙiƙa, yadda minti ɗaya cif zai mai da shi inda ya fito, ko da agogon hannu kaɗai ya rage masa.

Daga nan sai bin hanya. Akwai tashoshin rediyo a ƙasa da ake kira VOR, kowace tana aika sunanta da harufa uku na waya irin ta Mos, kuma ba a yarda ɗalibi ya bi allurarta ba sai ya saurara ya tabbatar ita ce. Yau tauraron ɗan Adam ya sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai, duk da haka ana koyar da tsohuwar hanya, don ranar da sabuwar za ta ɗauke. Ana koya masa jira a sama, watau ya yi ta kewaya wuri guda, kowane zagaye wajen minti huɗu, yana lissafin iskar da ke tura shi gefe, yana amsa wa jami'in hasumiya, yana duban mai. Ana koya masa kada ya tashi sai ya zaɓi filin da zai nufa in na farko ya ƙi, da man da zai kai shi can, da ragowar minti 45 a ƙaramin jirgi.

Sai ma'aunin tsawo, wanda a Filato shi ne rai. Agogon nan nauyin iska yake aunawa, nauyin iska kuwa yana sauyawa daga gari zuwa gari, daga safe zuwa yamma. Saboda haka hasumiya kan ba matuƙi wani adadi ya murɗa a agogonsa. In ya yi kuskuren lamba 10 a wannan adadi, agogon zai yi masa ƙaryar kusan ƙafa 300.

Dalilin da ya sa ƙafa 300 ba abin wasa ba ne yana wajen sauka, wanda shi ne ƙarshen karatun kuma mafi wuyarsa. Na'urar sauka da ake kira ILS tana harba siginar rediyo biyu daga bakin titin jirgi, ɗaya na nuna tsakiyar titi, ɗaya na nuna gangara mai digiri 3. Matuƙi na riƙe allurai biyu a tsakiya yana gangarowa cikin farin hazo, ba ya ganin kome. A mataki na farko na wannan na'ura an yarda ya sauko har ƙafa 200 bisa titi, in hangen kan titi ya kai mita 550. Da ya kai nan sai ya ɗaga ido. In ya ga fitilun titi ya sauka. In bai gani ba, babu shawara, babu bari in ƙara leƙawa, sai ya ba jirgi wuta ya koma sama ta hanyar da aka zana masa a taswira. Fasinjan da ya ji jirgi ya kusa taɓa ƙasa sai kuma ya yi sama, har ya shiga salati yana zagin matuƙi, ya sani cewa abin da aka horad da mutumin ya yi ke nan. A ranar jarrabawa ma, wanda ya gota wannan tsawo ba tare da ya ga titi ba ya faɗi, kome kyan tuƙinsa a baya.

ABIN DA YA FARU A YOLA

Wanda ke ganin duk wannan tsanani ya yi yawa, sai ya tuna da ran 25 ga Oktoba, 2012. A ranar ce Gwamnan Jihar Taraba na lokacin, marigayi Ɗanbaba Suntai, wanda ya yi koyon tuƙi a Zariya, ya tuƙo jirgi ƙirar Cessna 208 daga Jalingo zuwa Yola da yamma, jirgin ya faɗi kafin ya kai fili. Rahoton Hukumar Binciken Haɗarin Jiragen Sama ya nuna cewa lasin da ke hannunsa na tuƙin ƙashin kai ne, ba shi da shaidar tuƙi da na'ura, ba shi da iznin tuƙin dare, ga shi kuwa tafiyar ta kai shi bayan faɗuwar rana. Ya rayu, amma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a Amurka a watan Yuni na 2017. Ba don tonon asiri muka kawo wannan ba. Mutum ne mai sha'awar jirgi ta gaskiya, har ya zauna ya koya yana kan kujerar mulki. Abin tambaya shi ne, ina waɗanda ya kamata su ce masa ranka ya daɗe, rana ta yi sanyi, a bari sai gobe?

Haka ya faru da John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, wanda ya faɗa teku da matarsa da 'yar'uwarta a daren 16 ga Yuli, 1999, cikin hazo, bai kammala karatun na'ura ba. Haka kuma hukumar binciken Amurka ta ce jirgi mai saukar ungulu da ya hallaka Herbert Wigwe, shugaban rukunin bankin Access, da matarsa da ɗansa da waɗansu mutum uku a Kalifoniya a watan Fabrairu na 2024, tafiyar ido ce matuƙinsa ya ci gaba da ita har ya shiga yanayin da ba a gani, kansa ya juye.

Har wa yau, samun shaidar ba shi ne ƙarshe ba, domin hannu na mantuwa. A Amurka doka ta ce wanda bai yi saukar na'ura sau shida cikin wata shida ba, kada ya shiga gajimare sai ya sabunta hannunsa. A nan gida ma shaidar ba ta dindindin ba ce, ana komawa gaban mai jarrabawa lokaci lokaci, matuƙan kamfanoni kuwa ba su rabuwa da jirgin kwaikwayo muddin suna aiki.

Amma fa kada a ɗora kome a kan matuƙi. Kome ƙwarewarsa, in na'urar ƙasa ba ta aiki, ko ba a auna ta an tabbatad da ingancinta ba, hannunsa a ɗaure yake. An ga haka a watan Fabrairu na 2020, sa'ad da hazo ya rufe Ikko ana tsakiyar aikin daidaita sabuwar na'urar sauka, manyan jiragen ƙasashen waje suka yi ta karkata zuwa Ankara ta Gana, fasinjoji suka yi kwanaki a can. Matuƙan jiragen nan duk suna da shaida. In haka ta sami Ikko, to, wajibi ne Hukumar NAMA, mai kula da waɗannan na'urori, ta riƙa tuna filaye irin na Heipang tun kafin hunturu ya kama, ba sai fasinjoji sun cika ɗakin jira ba.

Saura batun kuɗi, wanda a nan ne yaranmu ke tsayawa. Karatun matuƙi miliyoyin naira yake ci, kowace awa a sama kuɗi ce, kuma sau da yawa iyaye ko mai ɗaukar nauyi kan gaji bayan lasin farko. A yi walima, a ɗauki hoto da farar riga mai igiya a kafaɗa, a ce wane ya zama matuƙi. Alhali babu kamfanin jigilar fasinja da zai zaunad da shi ko a kujerar mataimaki ba tare da lasin kasuwanci da shaidar na'ura da ta jirgi mai inji biyu ba, domin manyan jirage bisa dokar na'ura suke tafiya ko da rana tsaka, ko sama tana tas. A ganinmu, gwamnatin jiha ko attajirin da ya yi niyyar tura yara Zariya, gara ya tura biyar ya kai su ƙarshe da ya tura ashirin ya bar su a rabi. Uban da aka kawo wa takardar kuɗin makaranta kuma, kafin ya sayar da gona ko fili, ya tambaya a rubuce ko awa 40 ɗin nan na na'ura da kuɗin jarrabawarsu suna cikin lissafin.